Ranar Wanki a Bayan Kwata

A unguwarmu ba a zaɓar ranar wanki. Sai an yi waya tukuna.

Gidanmu yana tsakanin Dei-Dei da Jiwa, cikin gidajen da aka jera a kan tsofaffin gonaki lokacin da Abuja ta cika ta fara tumbatsa. Abba yana da shagon kwanon rufi a kasuwar kayan gini. A shekarun nan kowa gini yake yi. Wanda ba shi da fili ma sai ya sayi bulo biyu ya ajiye a ƙarƙashin gado don kada a bar shi a baya. Tireloli suna shigowa da siminti da rodi ba hutu, kowace da tayoyin da suka fi yatsuna yawa, kuma duk tayar da ta mutu a ƙasar nan, na rantse, a bayan gidanmu ake yi mata jana'iza.

In ka tsallake kwalbatin da ke bayan katangarmu, akwai wata 'yar kwata. Ba babbar da kowa ya sani ba ce, ƙarama ce, rumfuna kaɗan da rijiya ɗaya. A nan ake yanka shanu, a babbake kai da ƙafa da fatar da za a yi ganda. Itace yana da tsada, tsohuwar taya kuwa kusan roƙonka ake yi ka ɗauka. Saboda haka da an idar da sallar asuba sai a jera tayoyi a cinna musu wuta. Kafin mu gama shan koko hayaƙin ya tsallako katanga ya yi sallama.

Wanda bai taɓa zama kusa da wutar taya ba, ba zai gane ba. Hayaƙin yana da nauyi, yana da maiƙo, yana sauka a kan komai ya zauna. Muna da wani farin zakara da ya koma baƙi ƙirin har kajinsa suka daina gaishe shi. Farin hijabina na makaranta kuwa, malamar da'a ta sha tambayata ko a gidan gawayi nake kwana. Ni duk wannan abin dariya na mayar da shi, don ni ko a gidan makoki sai an tsawata mini. Amma akwai wadda abin bai zame mata dariya ba.

Autarmu shekararta bakwai lokacin, kuma tana da asma. Idan hayaƙin ya taso, ƙirjinta yakan fara wani ƙaramin kuka kamar an rufe ɗan kyanwa a kwali. Umma takan rufe tagogi, ta jiƙa tsofaffin zannuwa ta toshe ƙasan ƙofa, ta ajiye abin shaƙarta a kusa. Auta ta fi kwana a gida fiye da aji. Ta san duk ƙadangarun katangarmu ta gilashin taga, har ta raba musu muƙamai.

Abba ne ya tara maƙwabta suka rubuta takardar koke zuwa wani ofishi a cikin gari mai kula da irin wannan abu. Sun yi watanni suna bibiya. Rannan sai ga farar mota mai lambar gwamnati ta gangaro kwata. Mutumin da ya fito ba irin duba-garin da Kaka take ba mu labari ba ne, mai kaki da sanda, mai leƙa randa. Wannan farar shadda ce a jikinsa, da gilashi, da tumbin da yakan riga shi shiga wuri da minti biyu. Kowa oga yake ce masa. Mu muna leƙe ta saman katanga. Ya zaga, ya toshe hanci da hankici, ya yi faɗa da Turanci. Sarkin fawan kwatar ya ja shi cikin rumfa. Da suka fito suna dariya, aka buɗe but ɗin motar, aka saka cinyar sa guda naɗe a buhu, da wani abu ƙarami a ambulan da direba ya karɓa.

Daga nan abin ya samu tsari. Sau ɗaya a wata oga zai zo dubawa. Kuma ana gobe zai zo, da la'asar, sakatariyarsa za ta kira sarkin fawa ta sanar da shi. A yammacin za a kwashe tayoyi a jibge su a cikin kwazazzabo a rufe da tamfol, a sayo itace a kura, a ware cinya. Washegari da itace za a yi babbaka. Oga zai zo ya ga itace, ya rubuta cewa ya ga itace, kuma bai yi ƙarya ba.

Maƙwabciyarmu Maman 'yan biyu tana sayar da shinkafa da wake a kwatar, ita ce gidan rediyonmu. Da ta dawo da kulolinta za ta tsaya a ƙofa ta ce da Umma an yi waya. Kafin magariba duk matan layin sun ji, an jiƙa kaya, an tari mai ruwa. Washegari kowace igiya a unguwar sai ta yi nauyi. Fararen kaya da aka ɓoye wata guda suna fitowa su sha rana. Mu muka sa wa ranar suna ranar wanki.

Ranar wanki ce ranar Auta. Umma takan buɗe tagogi duka, ta bar ta ta fita. Ta yi tsallen igiya, ta yi 'yar gala-gala da 'yan biyu, ta je ta gaida ƙadangarunta ido da ido. Takan dawo da ƙafafu buɗu-buɗu ta ci tuwo malmala biyu. Rana ɗaya a wata. Abba ya san abin da ake sakawa a but, kowa ya sani. Yakan ce dai da babu gara ba daɗi.

A zangon da nake aji huɗu na sakandare, aka yi bikin dashen itatuwa a makarantarmu, kuma babban baƙo ba kowa ba ne sai oga. Ya yi jawabi mai tsawon hanyar Kaduna. Ya ce hayaƙin da mutane suke saki ba ɓacewa yake yi ba, sama yake hawa ya taru ya zama kamar bargo a kan duniya, shi ya sa zafi yake ƙaruwa, damina take rikicewa. Malamin kimiyya ya taɓa faɗa mana haka, amma a bakin oga abin ya fi daɗi, har da nuna sama da yatsa. Da aka ce akwai mai tambaya, na ɗaga hannu na ce, yallaɓai, hayaƙin taya ma yana cikin bargon? Ya ce tambaya mai kyau, ofishinsu yana aiki a kai ba dare ba rana, a tafa wa yarinyar nan. Aka tafa mini. Ya dasa dogon yaro ɗaya, aka zuba masa ruwan gora ya wanke hannu.

Ni ba jawabin ne ya tsaya mini ba. Sakatariyar ce. Tana tsaye a bayansa da lema da wayoyi uku, tana amsa kira da wata murya ta hanci, Hausarta tana tafiya da takalmi mai tsini. Kafin a tashi na haddace ta. A aji na yi ta har wata ta faɗo daga benci. A gida na yi wa Umma tana tankaɗe, ta yi dariya har ta yi hawaye, sannan ta ce Allah ya shirye ni.

A watan ne ciwon Auta ya tashi sosai, muka kwana biyu a asibiti. Likita ya ce maganin da ya fi kowanne shi ne a raba ta da hayaƙin. Gidan nan kuwa shi ne duk abin da Abba ya tara, kuma wa zai sayi gida a bayan wutar taya? Umma ta kawo maganar a kai ta Zariya wurin Kaka. Auta ta ji, ta ƙanƙame ƙafar gado tana kuka har ƙirjin ya fara nasa kukan. Abba ya yanke magana: a bar ta tukuna, amma in aka sake kwantar da ita a asibiti, Zariya za ta tafi, ko da ƙafar gadon ne.

Ɗaki ɗaya muke kwana da ita tun tana rarrafe. Ita ce kaɗai mai yin dariya ga labarina ko ya tsufa. Na zauna na yi tunani irin na mai shekara goma sha biyar. Na ce, ashe abin da ke kashe wutar nan ba oga ba ne, ba doka ba ce, waya ce kawai. Muryar kuma ina da ita a maƙogwarona.

Lokacin layin waya ya yi arha, a ƙarƙashin lema ake sayarwa a bakin titi, ba mai tambayar sunanka. Na tara kuɗin tara na kwana uku na saya. Akwai tsohuwar wayar Umma da ake ɗaure da kyauro. Lambar sarkin fawa kuwa a jikin bangon kwata take da jan fenti, don masu biki. Ranar Talata da la'asar na shiga bayan tankin ruwa, na sa Auta gadi, na matse hanci.

"Oga zai zo gobe. Ku shirya komai yadda aka saba."

Sarkin fawa ya ce ai oga bai yi sati biyu da zuwa ba. Na ce daga sama aka matsa. Ya ce to, Hajiya, Allah ya kai mu. Na kashe wayar, Auta kuma ta cusa bakin hijabi a baki don kada dariya ta fito.

Kafin magariba sai ga Maman 'yan biyu a ƙofa: an yi waya. Washegari Laraba sama ta fito shuɗiya tas. Igiyoyi suka cika. Auta ta yi tsalle ɗari da wani abu, ita ta ƙirga. Ni kuwa ina tafiya makaranta kamar minista, ina jin ni na ɗage bargon duniya da hannu ɗaya. Oga bai zo ba, mahauta suka ce wataƙila taro ya riƙe shi.

Bayan sati na sake. Bayan wani satin na kuma. Matan layi suka fara sa wa gwamnati albarka. Abba ya dawo kasuwa yana cewa kun gani, takarda ba ta ƙarya, haƙuri take so. Wannan maganar ta ɗan sosa ni, amma na haɗiye da lomar tuwo. Sati uku Auta ba ta taɓa abin shaƙarta da safe ba sai sau biyu.

Abin da ban lissafa ba shi ne mutanen da ke ɗaya gefen kwalbatin. Maman 'yan biyu ta fara kawo labarin gunaguni. Sau uku an sayi itace, sau uku an ware cinya ta yini tana jiran motar da ba ta zo ba. Masu babbaka kuma a kan kowane kai ake biyansu, wutar itace ba ta da sauri, ranar wanki su rabin aiki suke yi. Ta ce da yawansu su ma tari suke yi kamar tsofaffin injina, amma in ka ce musu hayaƙi, sai su ce yunwa ta fi shi saurin kisa. Sarkin fawa ya fara tsoron ko oga fushi yake yi, yana gwada su ne. Ranar Alhamis ya sa babbar riga, ya ɗauki shatar tasi, ya saka cinya biyu, ya nufi ofis da kansa don ya ba da haƙuri a kan laifin da bai sani ba.

Ina wanke-wanke a tsakar gida Maman 'yan biyu ta shigo da labarin, ko kulolin ba ta sauke ba. Ta ce sakatariya ta rantse ba ita ta kira ba. Oga ya yi ta faɗa, ba a kan taya ba, a kan wani ɗan iska yana amfani da sunansa. Da ya huce, ya dubi cinyoyin da suka zo har ƙofarsa, ya ce ai wannan ma ya fi. Me zai sa ya riƙa dukan motarsa a ramukan hanyarmu? Daga yau sarkin fawa ya riƙa kawowa ƙarshen wata, a buga hatimi a nan, kowa ya huta. Ta ce sarkin fawa ya dawo yana murna, ya ce ko banza an huta da kuɗin itace.

Umma ta tambaya, to ranar wanki fa? Maman 'yan biyu ta ce ai wanki sai dai a lahira. Ta ƙara da cewa wai muryar mace ce, ta hanci, sak ta sakatariya, Allah ya tona asirin ko wace ce. Umma ba ta ce amin ba. Ta juyo ta dube ni. Na ci gaba da wanke kwanon da na riga na wanke.

Wata ya ƙare ba a yi waya ba. Na biyu ma haka. Tayoyin da aka tara a kwazazzabo aka fito da su duka. Mata suka koma shanya a falo, a kan kujeru da ƙofofi, gidaje suna warin danshi. Abba ya ɗauki rigar matashin Auta, wadda ta yi baƙi a kwana uku, ya tafi ofishin. Ya ce sun karɓe shi da mutunci, har da lemo. Suka buɗe masa fayil, ga rahoto nan na kowane wata da hatimi, har na watan da muke ciki: kwata tana aiki da itace, babu taya. Ya shimfiɗa musu rigar matashin a kan tebur. Suka ce ya rubuto sabon koke, kwafi uku. Ya dawo da rigar a aljihu, bai ci abinci ba.

Wata safiyar Litinin iska ta juyo gaba ɗaya ta gidanmu. Ina ɗaura takalmi na ji kukan kyanwar da ke ƙirjin Auta ya tsaya, kuma wannan ya fi kukan muni. Auta tana zaune a bakin gado, kafaɗunta suna hawa suna sauka, leɓenta ya canza launi, abin shaƙar ya ƙi yin komai. Abba ya saɓe ta ko hula babu. Na tuna cunkoson tireloli a mahaɗa, Abba yana danna oda, Umma tana karanta duk abin da ta haddace, ni kuma ina riƙe da ƙafafun Auta, masu sanyi. Da muka wuce Tungan Maje na waiwaya, daga can ma ana hango baƙin ginshiƙin unguwarmu yana hawa sama hankalinsa kwance.

Sai bayan azahar ta dawo daidai. An rufe mata hanci da baki da robar iska. Umma ta fita alwala, Abba ya tafi sayo magani. Auta ta yafito ni, ta ɗaga robar kaɗan.

"Yaya, ki sake yi musu wayar mana. In an yi ranar wanki ba za a kai ni Zariya ba."

Ban taɓa faɗa mata abin da wayar ta jawo ba. Tsohuwar wayar tana cikin jakar makarantata, wadda na taho da ita a baya ban ma sani ba. Na fita baranda, na matse hanci, na kira. Ban san me nake fata ba. Na ce oga zai zo gobe. Sarkin fawa ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba.

"Hajiya sakatariya, kwana biyu. Ai yanzu mu muke zuwa. Ko ke wace ce, mun gode, kin rage mana wahala."

Na juyo sai na ga Umma a bayana, hannunta yana ɗigar ruwa. Na fara bayani, kalmomin suna tuntuɓe da juna, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Ta ce in bari. Ta ce tun waya ta biyu ta gane, wace uwa ce ba ta san aikin abin da ta haifa ba? Na ce me ya sa ba ta hana ni ba.

"Ni ma na yi wanki a ranakun," ta ce. "Kuma na ga Auta tana tsalle."

Ba ta ce ba laifina ba ne. Ni ma ban tambaya ba. Muka koma ciki, na ce da Auta layin ba ya shiga.

Daga asibiti ko gida ba a biya da ita ba. Ni na haɗa mata kaya a jaka, na kai tashar Zuba. Kayan duk warin taya suke yi, Umma ta ce Kaka za ta wanke. Auta ba ta yi kuka ba wannan karon, ba ta da ƙarfin yi. Ta dai bar mini amanar ƙadangaru, ta ce mai jan kan nan shi ne shugaba, kada in bari zakara ya dame shi. Na yi mata muryar sakatariya ta taga don ta yi dariya. Ta yi kaɗan, sai tari ya karɓe.

Shekara ɗaya da rabi ke nan. Kaka ta ce ta yi ƙiba, tana zuwa makaranta kullum, har ta fara rashin ji. Da sallah mu muke zuwa, ita ba ta zuwa. Abba ya kai koke na biyu da na uku, yanzu ya daina ambata. Dogon yaron da oga ya dasa a makarantarmu akuya ta cinye shi tun satin farko, amma allon da ke ɗauke da muƙaminsa yana nan. A jarrabawar kimiyya an tambaye mu abubuwan da ke ɗumama duniya, na rubuta mota da janareto da sare itatuwa kamar yadda yake a littafi, na ci maki cikakke.

Gadonta yana nan a ɗakinmu. A kansa nake shanya hijabina. Duk ranar Juma'a Kaka takan ba ta waya mu gaisa, kuma tambayarta ba ta canzawa, ko an yi ranar wanki. Nakan ce tukuna.